Ɗantani Magini da Ƙofar Ƙarƙashin Gadon Dagaci

A farkon shekarun 1950, matafiyin da ya taso daga Kiru zuwa Ƙafin Maiyaki, idan ya saki babbar hanya ya bi burtalin shanu, zai iske wani gari mai gida kamar ɗari da hamsin a kan tudu. Zan kira shi Ƙafin Dinya, domin zuriyar waɗanda za a ambata suna raye, kuma sun roƙi a sakaya sunan garinsu. Tsohuwar ganuwa ta riga ta zube a lokacin, sai ɓurɓushinta da awaki ke hawa. Yawancin gidaje na danni ne da ɗakunan ciyawa, soraye ba su wuce goma sha biyu ba har da masallaci. A yamma akwai kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Gidan dagaci yana can ƙarshen gari ta gabas, katangarsa ta kai tsayin mutum biyu, kuma a bayanta akwai wani kwazazzabo mai zurfi da kargo da geza suka lulluɓe, wanda ya gangara har rafi.

Mutumin da ya ɗora rabin wannan katanga shi ne Ɗantani magini. An haife shi a Ƙofa wajen 1912, ya koyi gini a hannun mahaifinsa, ya zo Ƙafin Dinya aikin masallaci, ya ga wurin zama ya zauna. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba mai yawan magana ba, kuma an san shi da iya jin lafiyar bango ta hanyar ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Abin da zai biyo baya ya fito ne daga bakin mutum biyu da suka tsufa suka ba da labarinsa: matarsa Saude, da taubashinsa Ɗanjuma, wanda yake shugabantar aikin gayya a garin. Inda suka saɓa, na faɗi haka.

A 1951 dagacin garin ya rasu bai bar ɗa babba ba, aka naɗa ƙanensa Shitu. Mahaifiyar Shitu Bafulatana ce, kuma tun yana ƙarami aka ba da shi ga kawunsa Hamman, ya tashi a ruga yana kiwo har ya kai shekara talatin. Daga bayan shanu aka je aka taho da shi aka ɗaura masa rawani. Duk waɗanda suka san shi sun yarda cewa ya yi adalci, ba ya tsawa, ba ya ƙwace. Sai dai sarautar ta zo masa da abin da bai saba ba. Tun daga asuba zaure yake cika. Ba ya fita sai da mutane a gaba da baya, ba ya tsayawa a bakin hanya ya gaisa da kowa sai an zube masa, ba ya taɓa akuya balle saniya, domin an ce ba girmansa ba ne. Sau biyu ya nemi yin murabus, sau biyu dattawan gidansu suka taru suka hana, suna cewa idan ya sauka sarauta za ta bar gidan, ba kuwa za ta dawo ba.

A ranin 1952 ya aika aka kira Ɗantani, wai gadon ƙasar turakarsa ya tsage. Irin gadon nan ne na tsofaffin soraye, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi lokacin sanyi, kuma an gina shi jingine da bangon baya, wanda shi ne katangar gidan ta wajen kwazazzabo. Ɗantani ya duba gadon bai ga tsaga ba. Dagaci ya sallami bafaden da ya rako Ɗantani, ya saki labule.

"Ɗantani, ƙofa nawa gidan nan yake da ita?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe. Ta zaure."

"Ɗaya. Jiya na tashi zan zagaya, mutum biyu suka yi rige-rigen ɗaukar mini buta. Na ce su bari, suka ce ai ba a yi haka ba. Wata goma sha huɗu ke nan ban ji takun ƙafata ni kaɗai ba. In na yi tari, mutum goma su ce sannu. Wallahi akwai ranar da nake ji kamar in yage rigar nan in yi ta ihu."

Ɗantani ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe."

"Ba haƙuri na kira ka ka ba ni ba. Rami nake so, wanda mutum zai rarrafa ya fita."

Ya ɗauko Alƙur'ani ya sa Ɗantani ya ɗora hannu, ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, a raye ko bayan ran dagaci, sai in shi da bakinsa ya sake shi. Ɗantani ya yi kwana tara yana aiki shi kaɗai, aka ce gara ce ta ci gindin bango. Ya faɗaɗa ramin garwashin, ya huda katangar daga ciki, ya tokare saman hudar da azara. A bakin waje ya yi murfi da sanduna da asabari, ya shafe shi da ƙasar kududdufi ɗaya da ta katangar, har ya zana masa ƴan tsage-tsage irin na tsohon yaɓe. A ciki kuwa buzu kawai aka rufa a bakin ramin, don ba wanda zai cusa kansa ƙarƙashin gadon dagaci.

Daga nan aka san Dagaci Shitu da doguwar ƙailula. Da an idar da azahar sai ya shiga turaka, ba a tashinsa sai la'asar. A wannan tsakani yakan tuɓe riga da rawani, ya sa taguwa da malfa irin ta makiyaya, ya bi kwazazzabo har rafi. Wani lokaci ya zauna a gindin itace kurum, wani lokaci, idan rugar kawunsa Hamman tana kusa, ya shiga cikin shanu yana shafa su. Fadawa sun lura cewa fuskarsa ta saki, ya fara cin abinci, suka ce barcin rana ya karɓe shi.

Hatsarin yana zuwa ne sau ɗaya a shekara. Al'adar garin ce, kafin ruwan farko, a yi gayya a sake yaɓen katangar gidan dagaci gaba ɗaya. Maza su kwaɓa ƙasa su shafa, mata su ɗebo ruwa, makaɗa su yi ta kiɗa. A ranar, dagaci ba ya fitowa sai la'asar, domin in ya fito kowa zai ajiye aiki ya durƙusa, ƙasa ta bushe a hannu. Shitu ya mai da wannan rana ranarsa mafi tsawo: tun hantsi yake ficewa. Ɗantani kuwa yakan ware bangon baya ya ce nasa ne, ba mai taɓa masa, kuma da yake shi ne magini ba a yi masa musu. Haka aka yi a 1953 da 1954.

A bazarar 1955 kurkunu ya fito wa Ɗantani a ƙafa biyu, uku a hagu, ɗaya a dama. Ƙafafun suka kumbura, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ya aika wa dagaci a ɗaga gayya, dagaci ya nemi a ɗaga, dattawa suka ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba a jira. Sai dagaci ya ba da umarni a fili cewa a yi ko'ina amma a bar bangon baya har magini ya warke. Ya ɗauka magana ta ƙare. Mutanen gari kuwa suka ɗauki zancen a matsayin kawaici irin na mai kunya, wanda ba ya son ya wahalar da talakawansa. Ɗanjuma ya ce da kansa, shekaru bayan haka, cewa da jin umarnin suka ƙudura za su yi wa bangon bayan aikin da ya fi na gaba, don dagaci ya san ana ƙaunarsa.

Ran gayyar, da rana ta ɗaga, Ɗanjuma ya zagaya baya da mutanensa. Ya ƙwanƙwasa katangar yadda ya sha ganin taubashinsa yana yi, har ya iso wani wuri a ƙasa inda ta amsa kamar ƙwarya. Ya kira dattawa suka ji. Aka ce gara ta cinye cikin bangon, kuma daidai makwancin dagaci, idan damina ta sauka zai rufto masa. Nan take aka yanke shawara a ɗora masa wani bango a jikinsa, mai kauri kamu biyu, ya tokare shi. Akwai tubalin da aka tanada don gyaran masallaci, aka ce a kwaso.

Saude tana cikin masu ɗebo ruwa. A lokacin ba ta san komai game da ƙofar ba, labari kawai ta kai gida, har tana jin daɗi.

"Maigida, yau an hutar da kai. Ɗanjuma ya gano gara a bangonka na baya, suna can suna ɗora masa wani."

Ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa. Ya ce ta kamo jaki. Ta ce ina za shi da waɗannan ƙafafu, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba tun aurensu. Ita ta tura shi ya hau, ta ja akalar, ruwan miki yana ɗiga a jikin jakin.

Sun iske an ɗora sahu huɗu na tubali, mutum kusan arba'in suna miƙa wa juna, ganga tana tashi. Ɗanjuma yana kan aikin, da ya hango su sai ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku ba da hanya! Ga bawana gurgu ya zo duba aikin ubangidansa!"

Aka fashe da dariya. Tsakanin taubasai, kamar yadda aka sani, zagi gaisuwa ce, kuma ba abin da ɗaya zai faɗa wa ɗaya a bainar jama'a a ɗauke shi da gaske. Shekara ashirin suna haka.

"Ɗanjuma, don girman Allah ku bar bangon nan."

"Kun ji hassada ko? Shekara uku yana shafa wa gara man shanu, yau an gano shi."

"Ba wasa nake yi ba. Ku sauke tubalin nan. Dagaci ya ce a bari."

"Dagaci yana da kunya, kai ne ba ka da ita. Saude, me kike ba shi ne? Ƙafa ta mutu, baki ya ƙi mutuwa."

Ɗantani ya zamo daga kan jakin ya faɗi a cikin kwaɓi. Ya ja jiki da gwiwar hannu har gindin sabon ginin, ya kama tubali ɗaya ya fizge, ya kama na biyu. Yana kuka, amma fuskarsa duk laka ce, ba a gane ba. Mutane suka riƙe ciki don dariya, makaɗi ya juya kiɗan ya koma yi masa kirari. A nan ne wani dattijo, limamin garin a cewar Saude, ko kuma wani daga gidan dagaci a cewar Ɗanjuma, ya tsai da ganga ya tsuguna kusa da shi.

"Ɗantani, in da dalili, faɗe shi. Kai ne magini. Ka faɗa, yanzu a rushe."

Ɗantani ya san dagaci yana waje, ya san idan bangon ya tashi ba shi da hanyar komawa sai ta zauren da ke cike da mutane. Kalma biyu za su isa. Ya buɗe baki, ya dubi hannunsa na dama da ya ɗora a kan Alƙur'ani, ya rufe.

"Ƙasar ba ta kwana ba," ya ce daga ƙarshe. "Ba za ta riƙe ba."

"Kwananta uku!" in ji Ɗanjuma. "Ni na jiƙa ta. Ku ɗora mini shi a jaki kafin ya cinye mana tubali."

Suka ɗauke shi cak suka aza, aka raka shi da tafi. Kafin azahar ta wuce an gama bangon, an shafe shi sumul.

Gidan Ɗantani yana bakin kwazazzabon ta kudu. Saude ta wanke shi ta kwantar da shi a rumfa, ta koma bayan zana tana tankaɗe. Ba a jima ba ta ji an ɗaga dannin baya, wani mutum mai malfa da taguwa ya shigo ba sallama. Sai da ya yi magana ta gane muryar, ta laɓe a inda take tana saurare. Duk abin da aka sani game da wannan ganawa daga gare ta ya fito.

"Na gani," in ji dagaci. "Ina cikin geza tun suna sahu na uku. Na ga sun ɗauke ka."

"Ranka ya daɗe, na yi iyakar yina. Akwai farar riga a ɗaki, da rawanin sallata. Ka sa ka shiga ta zaure, ka ce ka zaga duba aiki."

"Ta ina na fita? Tun asuba mutum ashirin ke zaune a zauren."

"To ka ɓuya a nan. Gobe in fasa shi."

"Da wace ƙafar? Bangon da mutum arba'in suka gina don ƙaunata, ka fasa ka ce me? Ɗantani, shekara uku ina fita, kullum ina cewa yau ba zan koma ba, kullum sai in ga ƙafata ta mai da ni. Ɗazu da na ga sun ɗora tubalin ƙarshe, na zaci zan ji tsoro. Numfashi na ji ya sauka har cikina."

"Kada ka yi mini haka, ranka ya daɗe. Gari duka ya ga abin da na yi yau. Ni za a tambaya."

"Kawu Hamman yana kudu, wajen Doguwa. Kwana huɗu ne a ƙafa."

"To ka sake ni. Ka ce in faɗa. Ka tafi, amma ka sake ni."

"In ka faɗa yau, gobe dawakai za su cim mini a hanya, a dawo da ni a ɗaure kamar ɓarawo. Ba ni kwana bakwai. Zan aiko maka."

Saude ta ce mijinta ya kama gefen taguwar ya riƙe, dagaci ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana roƙonsa ya yafe masa. Ya sha ruwa a randa da kansa, ya fita ta inda ya shigo.

Da la'asar gari ya taru a ƙofar gida ana jiran dagaci ya fito ya sa albarka. Da shiru ya yi yawa aka shiga turaka, aka iske riga da rawani a ninke a kan gado, takalma a bakin ƙofa. Ba wanda ya ɗaga buzun. Aka ce iskoki ne, aka ja ƙofar ɗakin aka kulle, kuma wanda aka naɗa daga baya ya ƙi kwana a ciki.

Kwana bakwai suka wuce ba saƙo. A rana ta goma jakadan hakimi ya zo bincike, kuma Ɗanjuma, wanda dariya ta riga ta bar bakinsa, ya ba da labarin abin da ya faru a bangon baya. Aka ɗauki Ɗantani a jaki zuwa gaban hakimi. Aka tambaye shi ko ya san inda dagaci yake, ya yi shiru. Aka kawo Alƙur'ani aka ce to ya rantse bai san komai ba, ya mai da hannunsa baya. Ba zai rantse a kan ƙarya ba, ba zai karya rantsuwar farko ba. An tsare shi kwana goma sha biyu, da ba a sami abin kama shi ba aka sake shi.

Sakin bai amfane shi ba. A gari aka ce mutumin da ya ƙi rantsuwa yana da abin ɓoyewa. Wasu suka ce ya yi wa dagaci asiri, wasu suka ce abin ya fi haka muni. Ba wanda ya ƙara kiransa gini, a masallaci akan bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Saude ta gaya masa cewa ta ji komai, kuma ita ba ta rantse wa kowa ba, ya bar ta ta faɗa. Ya ce bakinta bakinsa ne, in ta faɗa shi ya faɗa. Wani malami da ya lura da halinsa ya ba shi shawara a kaikaice cewa rantsuwa tana da kaffara. Ɗantani ya amsa cewa azumin kwana uku ba zai hana a je a kamo mutum ba.

Bayan damina suka koma Tudun Wada, inda ba a san shi ba, ya riƙa samun ƙananan ayyuka, rumbu da gyaran soro. Ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba. Duk da haka, rani huɗu a jere, da zarar an gama girbi sai ya ɗauki sanda ya nufi Doguwa, yana bin rugage ɗaya ɗaya yana tambayar Hamman da ɗan ƙanwarsa. Makiyaya sukan ba shi nono su ce ba su sani ba, ko su nuna masa gaba. Sau ɗaya aka ce sun tashi kwana biyu kafin zuwansa. Saude ta tambaye shi me zai ce idan ya same shi, ya ce ba zai roƙe shi ya dawo ba, kalma ɗaya yake so ya ji, cewa an sake shi. Ya rasu a Tudun Wada a ƙarshen 1959, bai ji ta ba.

Saude ta riƙe maganar fiye da shekara ashirin bayansa, sannan ta aika aka kira Ɗanjuma ta gaya masa. Ɗanjuma ya ce tun daga ranar bai ƙara yi wa wani taubashi wasa ba.

Abubuwa biyu ba su kammala ba. Ba a san inda Shitu ya ƙare ba, ko ya isa Doguwa, ko ya aiko saƙon bai iso ba, domin zuriyar Hamman sun watsu kuma ban sami wanda ya tuna da shi ba. Rufin turakar kuma ya rufta tun da daɗewa ya cike ɗakin da ƙasa, bangon gayya yana nan tsaye a bayansa, kuma magadan gidan ba su yarda a haƙa ba. Saboda haka har yanzu ba wanda ya ga ƙofar da idonsa, kuma sunan Ɗantani bai wanku ba a wurin waɗanda ba su gaskata Saude ba.